Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Asibitocin Da Ke Jinyar Masu Ƙari A Ƙwaƙwalwa

Ya ku shugabannin asibitoci, da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, da manyan ma'aikatan jinya,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Allah ya ƙara muku lafiya da juriya a kan wannan aiki mai nauyi, na rubuto muku ne a matsayina na ɗaya daga cikin masu aikin sa-kai a wata ƙungiya da ke tallafa wa waɗanda aka samu da ƙari a ƙwaƙwalwa, tare da iyalansu. Ni ba likita ba ne, ban iya karanta hoton MRI ba, kuma ban taɓa leƙa ɗakin tiyata ba sai dai in tsaya a bakin ƙofarsa ina jira. Abin da na sani shi ne halin da marar lafiya da danginsa suke shiga daga lokacin da suka fito daga ofishinku suka jawo ƙofa, kuma a kan wannan ne nake roƙon ku ba ni aron kunnuwanku.

Shekaru da dama da suka wuce yayata ta yi watanni tana fama da ciwon kai wanda ya fi tsananta da asuba, wani lokaci har da amai, mu kuwa muna ta ɗora laifin a kan gajiya da yawan tunani, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi tana jijjiga. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙari irin wanda ake kira meninjiyoma, mai tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Likitan da ya gan mu bai rage mu da komai ba. Ya zaunar da mu, ya zana mana kai a takarda, ya nuna inda ƙarin yake da jijiyar idon da yake dannewa, sannan ya tambaya ko akwai abin da ba mu gane ba, muka ce babu. Da muka fito muka zauna a bencin baranda, ina rungume da ƙaton ambulan ɗin hotunan, sai ta juyo ta ce da ni, "Kai, me ya ce ne?" Na buɗe baki zan maimaita mata, sai na tarar ban riƙe komai ba sai kalmar ƙari da ranar da za a yi aiki. An yi aikin, an dace, tana nan da ranta, sai dai ganin idonta na hagu bai dawo ba. Wata huɗu bayan an sallame ta, a ranar da muka koma ganin likita, wata nas ta tsayar da mu a hanyar fita kamar wadda ta tuna da abin da ta manta, ta ce ai akwai wasu masu irin wannan lalura da suke haɗuwa sau ɗaya a wata. Da a ce ba ta aiki a ranar, da har yau ba mu san da su ba.

Ta haka na shiga wannan aiki, kuma ban daɗe da shiga ba na tafka kuskuren da ya sa nake rubuta wannan wasiƙa. Wani magidanci ya zo taronmu makonni biyu bayan an yi wa matarsa tiyata. Na ga yadda damuwa ta zabge shi, sai na ja kujera kusa da shi, na kwashe labarin yayata daga farko har ƙarshe na ba shi, na ce ya kwantar da hankalinsa, tasa ma za ta miƙe kamar yadda tawa ta miƙe. Ban tambaye shi sunan ƙarin ba, kuma ko da ya faɗa mini a lokacin, ba zan san bambancin ba. Ashe giliyobilastoma ce, wadda take cikin ire-iren ƙari mafiya tsanani. Bayan shekara guda da 'yan watanni matar ta rasu, kuma daga baya ya shaida mini cewa ya jinkirta gaya wa 'ya'yansu gaskiyar lamarin, domin ya riƙe maganata, yana jiran ranar da za ta warke. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, har yau muna gaisawa, amma ni na san abin da na ƙwace wa yaran nan da kyakkyawar niyya.

Kalmar ƙari a bakin mutane guda ɗaya ce, a wurinku kuwa cututtuka ne masu yawa waɗanda ba su haɗa hanya ba. Rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a bugu na biyar a shekarar 2021 ya ƙunshi ire-ire sama da 100, ana kuma jera su daga mataki na 1 zuwa na 4 gwargwadon tsananinsu. Yawancin meninjiyoma a mataki na 1 suke, suna girma a hankali, kuma sau da yawa idan aka cire su gaba ɗaya mutum ya rabu da su ke nan. Giliyobilastoma kuwa a mataki na 4 take, tana kutsawa cikin naman ƙwaƙwalwa ta yadda wuƙa ba za ta iya tsince ta duka ba. Binciken da Dakta Roger Stupp da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, wanda har yanzu a kansa aka gina maganinta, ya nuna cewa haɗa gashi na makonni shida, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura, da ƙwayar temozolomaid ya ɗaga matsakaicin tsawon ran marasa lafiya daga wata 12.1 zuwa wata 14.6. Kun fi ni sanin waɗannan alƙaluma. Na kawo su ne don ku ga cewa abin da ɗalibinku na ajin ƙarshe yake da shi a ka, mai aikin sa-kai yana iya shekara yana zama da iyalai bai taɓa jin sa ba, alhali shi ne wanda ake bugawa waya cikin dare, kuma maganarsa ce ake ɗauka a tafi da ita gida.

Kada a ɗauka ina cewa a sallame mu a huta. Akwai ɓangaren wannan ciwo da ba ya fitowa a hoto, kuma minti goma sha biyar na ganin likita ba sa isa a taɓo shi. Yawancin cututtuka suna cin jiki su bar mutum da halinsa, shi kuwa wannan sau da yawa halin yake fara taɓawa. Idan ƙarin ya zauna a gaban ƙwaƙwalwa, sai ka ga mutumin da aka sani da kunya da kawaici ya koma yana faɗin duk abin da ya zo bakinsa, ko mai kazar-kazar ya zauna wuni guda yana kallon bango, ba don baƙin ciki ba, sai don abin da ke zaburar da shi ya mutu. Idan ya taɓa wurin magana, wanda a yawancin mutane yake ɓangaren hagu, sai mutum ya san abin da yake so ya ce sarai amma kalmar ta ƙi fitowa, ya nuna kofi ya kira shi da sunan wani abu daban, ya ga an yi masa kallon tausayi, ya fusata. Ga deksametason da kuke bayarwa don rage kumburi, wanda yake ceton rai, amma yana kumbura fuska, yana hana barci, yana buɗe ciki, yana ɗaga sukari, yana kuma sa saurin fushi. Duk wannan a gida yake sauka, a kan mace ɗaya ko ɗa ɗaya.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta zo taronmu sau uku ba ta ce uffan ba, tana zaune kusa da ƙofa da jakarta a cinya kamar mai shirin tashi. A zuwa na huɗu, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce mijinta ya zage ta a gaban baƙi, ita kuma ta ji a ranta ta tsane shi, kuma tun daga ranar ba ta iya barci saboda tana ganin wace irin mace ce za ta tsani marar lafiya. Ɗakin ya yi tsit. Sai wata dattijuwa da mijinta ya rasu da irin wannan ciwo ta ce ita ma ta ji haka, ba sau ɗaya ba, ta kuma bayyana mata cewa wurin da ƙarin yake ne ya cire wa bakinsa linzami. Matar nan ta sauke jakarta ƙasa ta yi kuka mai yawa, daga nan ta riƙa zuwa har ƙarshen jinyar. Wannan magana ba za ta iya faɗa wa likita ba, domin tana ganin girmansa, ba za ta iya faɗa wa dangin mijin ba, domin za su juya ta. Sai wanda ya kwana a irin ɗakin da take kwana ne zai san inda yake yoyo. Dame Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu jinyar ƙarshe na St Christopher's a Landan a 1967, ta daɗe da koyar da cewa raɗaɗin marar lafiya ya haɗa da na jiki da na zuciya da na zamantakewa da na ruhi, kuma iyalinsa suna cikin waɗanda ake jinya. A wannan ciwo, gaskiyar maganarta a fili take.

Saboda haka roƙona na farko, wanda kuma ya fi sauran sauƙi, shi ne kada a bar sanin ƙungiyoyin tallafi ya zama sa'a. A ranar da aka faɗa wa mutum sakamakonsa, a sa masa takarda guda a hannu, mai ɗauke da lokacin taro da lambar da zai kira, cikin harshen da yake ji, da manyan baƙaƙe, tun da wasunsu idanunsu sun raunana. Ba lalle ne ya duba ta a ranar ba, domin na gaya muku abin da ke saura a kan mutum a irin wannan rana, amma bayan mako biyu, idan gida ya yi shiru, masu dubiya sun ɗauke ƙafa, wani zai zaro ta daga cikin ambulan. Ya fi kyau ma a nemi izininsa a rubuce ko yana so wani daga cikinmu ya kira shi, domin wanda ciwo ya kashe wa kuzari ba zai ɗaga waya da kansa ba.

Roƙo na biyu shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami: ku koyar da mu. Ba muna neman a mai da mu rabin likitoci ba ne, hasali ma rabin likita ya fi kowa haɗari. Muna neman a zaunar da duk wanda zai shiga wannan aiki, kafin a bar shi da iyali ko ɗaya, a fahimtar da shi cewa ire-iren ƙari sun bambanta, don haka labarin ɗan'uwansa ba ma'auni ba ne ga kowa. A koya masa abin da zai yi idan wani ya faɗi da farfaɗiya a tsakiyar taro, abin da kuwa yana faruwa: ya kawar da kujeru, ya sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada ya danne shi, kada ya cusa masa komai a baki, ya duba agogo, ya juya shi a gefe idan jijjigar ta lafa, ya nemi agajin gaggawa idan ta wuce minti biyar. A nuna masa alamomin da ba a jira da su sai ranar ganin likita, kamar barcin da ake kasa tashin mutum daga gare shi, ko ciwon kai mai ƙaruwa tare da amai, ko raunin gefe guda da ya zo farat ɗaya, ko ruwa na tsiyaya daga wurin ɗinki. A gargaɗe shi cewa ba a yanke deksametason ko maganin farfaɗiya lokaci guda, domin iyalai suna yawan tambayarmu wannan idan sun ga fuska ta kumbura. Sama da duka, a koya masa ya ce wannan tambaya ta likita ce, sannan ya taimaka a rubuta ta a takarda don kada a manta a ranar asibiti. Na yi shekaru kafin na gane cewa rubuta wa iyali tambayoyinsu guda biyar ya fi duk wata nasiha da na taɓa yi musu amfani.

Na san abin da ke sa wasunku ɗari-ɗari da mu, kuma ba na ganin laifinsu. Akwai maganar sirrin marar lafiya, wanda amana ce a wuyanku, mu kuwa ba mu yi rantsuwar aiki ba. Akwai tsoron kada taron ya zama dandalin sukar likitoci. Akwai kuma masu sayar da magungunan ƙarya, waɗanda suke shinshino irin waɗannan taruka kamar ƙuda da miki, su shigo da sunan jaje su fita da lambobin wayar mutanen da suka yanke ƙauna. Duk waɗannan na gan su da idona. Sai dai nisantar da kuka yi ba ta hana su faruwa ba, ta dai sa suna faruwa ba tare da kun sani ba. Iyalai za su nemi wanda za su yi magana da shi ko kun yarda ko ba ku yarda ba, idan ba su same mu ba za su samu wani a intanet da tsakar dare. Idan asibiti ya tantance masu aikin sa-kai, ya sa suka sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri, ya gindaya musu iyaka a rubuce, ya kuma ware nas guda da za su riƙa komawa gare ta, to ya samu ikon cewa wane ya dace wane bai dace ba, ikon da a yanzu ba shi da shi.

Tarihin wannan aiki ma yana goyon bayan haɗin kan da nake nema. Ƙungiyar masu ƙari a ƙwaƙwalwa ta Amurka, wadda aka kafa a Chicago a 1973, iyaye mata biyu ne suka fara ta saboda ciwon ya kama 'ya'yansu mata ƙanana. Ta Kanada kuwa, da aka kafa a 1982, mutum uku ne suka haɗu a kanta: uban da ya rasa 'yarsa, da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, da ma'aikaciyar jinya. Wannan haɗin na mutum uku shi ne abin da nake so in gani a kowane asibiti. Ranar 8 ga Yuni da ake tunawa da masu wannan ciwo a duniya, wata ƙungiyar tallafi ce ta Jamus, Deutsche Hirntumorhilfe, ta assasa ta a shekarar 2000. Yana da kyau a yi jawabi a wannan rana a maƙala kyalle mai ruwan toka a ƙirji, amma ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna cewa a 2020 kaɗai sama da mutum 300,000 ne aka samu da sankarar ƙwaƙwalwa da laka, kimanin 250,000 kuma suka rasu, ban da masu ƙarin da ba sankara ba da waɗanda tasu ta taso daga huhu ko mama ta haura kai. Jinyar waɗannan mutane kullum ake yin ta, ba rana ɗaya a shekara ba.

Idan kun karɓe mu, ina roƙon ku taimaka mana wajen raba zama, domin mun koya da wahala cewa ba kowa ake haɗawa ɗaki ɗaya ba. Iyayen yara, waɗanda a cikinsu ƙarin ƙwaƙwalwa ne kan gaba a jerin ƙari masu tauri, damuwarsu makaranta ce da girma da abin da gashi zai yi wa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba. Wanda aka yi wa aiki shekara biyar da suka wuce, kowa yana ce masa ai ya warke, shi kuwa yana fama da gajiyar da barci ba ya maganinta, da mantuwa, da hana shi tuƙi saboda farfaɗiya, da fargabar da ke kama shi duk lokacin da ranar sabon hoto ta matso. Masu jinya kuma suna buƙatar sa'a guda da babu marar lafiya a wurin, don su faɗi abin da ba a faɗa a gabansa. Ku ne kuka san wanda ya kamata a tura ina.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba saboda kunya, wato mu ma muna jin jiki. Ina da littafin da nake rubuta sunayen masu zuwa taro, kuma idan na buɗe shafukan shekarun baya, waɗanda na ja wa layi sun fi waɗanda ban ja wa ba a wasu shafukan. Yawancin masu wannan aiki mutane ne da suka yi jinyar nasu, wasu sun shigo tun makokinsu bai huce ba, suna neman magani ga kansu ta hanyar yi wa wasu hidima, sai mutuwa ta biyu ko ta uku ta karya su, su ɓace ba sallama. Ya kamata a ce wa wanda ya yi rashi ya dakata tukuna, a kuma samar mana da masanin halayyar ɗan Adam ko ma'aikacin jin daɗin jama'a da zai riƙa zama da mu lokaci-lokaci ya ji abin da muka kwaso. Haka nan, kada buɗe mana ƙofa ya zama hanyar toshe giɓin ma'aikata. Mai aikin sa-kai ba ya maye gurbin nas ko mai gashin ƙashi ko mai koyar da magana, kuma ranar da aka fara aikensa karɓo sakamako da tura keken marasa lafiya, ranar ce zai daina samun lokacin zama ya saurara, alhali sauraron ne kaɗai abin da ya zo da shi.

Ban nemi a gina mana ofishi ba. Ɗakin taron da ke kulle da yamma ya ishe mu, in dai yana ƙasa ko kusa da lif, babu fitila mai walƙiya, kuma akwai makewayi kusa. Muna roƙon ku ware nas guda da za mu san sunanta, ku ba mu likita na sa'a ɗaya duk bayan wata uku ya amsa tambayoyin da muka tara, ku kuma duba takardar da muke son a riƙa miƙa wa iyalai, ku gyara duk abin da muka rubuta ba daidai ba kafin a buga ta. Daftarinta yana hannunmu, shafi ɗaya ne, kuma a shirye muke mu kawo shi duk ranar da kuka sa mana.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai aikin sa-kai a ƙungiyar tallafa wa masu ƙari a ƙwaƙwalwa da iyalansu